Wace na'urar GPS ce ta dace da doguwar tafiya da iyali a mota?

Baban_Yara5:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara na zo nema wajen waɗanda suka san kan abin. Hutun yara ya ƙarato, kuma mun ƙudiri yin doguwar tafiya a mota, ni da maiɗakina da yara biyar. Kwana biyu za mu yi a hanya zuwa, biyu dawowa, kuma rabin hanyar ban taɓa bin ta da kaina ba. Bara da muka yi makamanciyar wannan tafiya waya na dogara da ita, na kuwa ji jiki. Rana ta doki wayar a jikin gilashi har ta rubuto cewa ta yi zafi, haskenta ya dushe, ta daina karɓar caji. Ana cikin haka kira ya shigo daidai lokacin da nake dab da wata mararraba, taswirar ta ɓace, na ɗauki hannun da ba shi ba. Mun kai minti 40 muna tafiya kafin in sami wurin juyawa, ga autan yana ta tsala kuka a baya. Shi ya sa bana nake so in sayi na'urar GPS ta mota, irin wadda ake mannawa a gilashi a cire idan an sauka. Garmin za ku ce in saya ko TomTom? Inci nawa ya kamata fuskarta ta kasance? Kuma tana cin data kamar waya?

Dan_Zamani99:
Wa alaikumus salam Baba. Ni dai ban ga abin da zai sa ka sayi wata na'ura ba alhali wayarka tana yin aikin. Matsalarka biyu ce, kuma duk suna da magani. Ka cire wayar daga gilashi ka sa ta a abin riƙe waya da ake maƙalawa a bakin iskar AC, ba za ta ƙara zafi ba. Sannan Google Maps yana ba ka dama ka sauke taswirar yankin da za ka tun kana gida, ko sabis ya ɗauke za ta ci gaba da nuna maka hanya.

Tsohon_Direba:
Ɗana Dan_Zamani, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma kai tafiyar mutum ɗaya kake hangowa. Mota mai ɗauke da mutum bakwai daban take. Na fi shekara 30 ina riƙe da sitiyari, kuma abin da na koya shi ne duk abin da zai ɗauke idon direba daga kwalta, ko na ƙiftawa biyu ne, abokin gaba ne. Waya aiki goma take yi a lokaci ɗaya, kira ya shigo, saƙo ya shigo, yaro ya miƙo hannu yana so ya yi wasa. Na'urar aiki ɗaya ta sani. Ka kunna mota ta kunnu, ka kashe ta mutu.

Amma Baban Yara, kafin ka tambayi sunan kamfani, tambayi taswirar da ke ciki. A nan mutane suke faɗawa rami. Na taɓa karɓar wata sabuwa dal a kwalinta da wani ya kawo min tsaraba daga ƙasar waje. Na kunna ta, ta kama saƙon tauraron ɗan'adam tsaf, sai ga kibiya a tsakiyar fili fari fat, babu titi babu gari, sai wani layi ɗaya can gefe. Ashe taswirar wata nahiya ce a cikinta. Da ita da dutse duk ɗaya suke a wajena har sai da aka sa mata taswirar inda nake.

Injiniya_AB:
Bari in amsa tambayar data, don ita ce ta fi rikita mutane. GPS ba ya cin data kuma ba ya buƙatar layin waya. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka suke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagayowa sau biyu a kwana ɗaya. An tsara su kasance aƙalla 24, amma waɗanda ke aiki sun kai wajen 30. Kowanne yana ta aiko da saƙo mai cewa ga inda nake, ga lokacin da na aiko. Na'urarka saurare kawai take yi, ta lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta gane inda take. Abin da ke cin data a waya shi ne hoton taswirar da ake saukowa daga intanet, da labarin cunkoso. Ita kuwa na'urar mota taswirar tana ajiye a cikinta tun asali.

Saurayin_Lissafi:
Haka ne, taurari uku ake buƙata a gane wuri.

Injiniya_AB:
Ƙanena, huɗu ne. Taurarin suna ɗauke da agogon atam mai matuƙar daidaito, amma agogon da ke cikin na'urarka ba ya kama ƙafarsu. Saƙon kuma da gudun haske yake tafiya, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai jefa ka mita 300 daga inda kake. Tauraro na huɗu shi ke gyara wannan kuskuren agogon.

Saurayin_Lissafi:
Na gode Yaya, na ƙaru.

Ummu_Hanan:
Ni daga kujerar gefe zan yi magana, don a tafiyar iyali mu ne muke riƙe da aikin duba hanya. Kafin mu sayi na'ura, wayata ce taswira. Ina riƙe da ita a hannu ɗaya, ɗaya hannun ina miƙa wa yara ruwa, maigida yana tambaya dama ko hagu, ni kuma na juya baya ina raba faɗa. Sau nawa muka wuce kwana saboda haka. Tun da muka sayi mai inci 7 muka huta. Yana ganin hanyarsa da kansa, ni ma ina hango ta daga inda nake.

Abin da zan ce ka duba, Baban Yara, shi ne ƙarfin muryarta. Mota cike da yara ba ta shiru. Ka sa a kunna maka ita ka ji ko za ta iya fin hayaniyar mutum biyar. Sannan ka nemi wadda take nuna layin da za ka bi tun kafin ka isa mararraba, wasu har hoton mahaɗar suke zanawa da kibiya a kai. A babban titi mai layi huɗu ko biyar wannan ya fi komai amfani. Akwai kuma jerin abin da ke gaba, gidan mai da wurin hutawa da nisan kowanne. Ranar da yarinyata ta ce fitsari ya matse ta, na duba na ce mata saura kilomita 6, ta yi haƙuri saboda tana ganin lambar tana raguwa da idonta.

Dan_Zamani99:
Anti, duk wannan waya ma tana yi ai. Kuma idan motar tana da Android Auto ko Apple CarPlay, taswirar a fuskar motar za ta fito, babba kuwa.

Baban_Yara5:
Motata tsohuwar yayi ce ɗana, rediyo kawai ke gareta. Hajiya Ummu Hanan, mai inci 7 ba ta tare miki gani?

Ummu_Hanan:
A tamu ba ta tarewa saboda motar babba ce, gilashin yana da faɗi, kuma ƙasa-ƙasa muke manna ta. A ƙaramar mota ina ganin inci 5 ko 6 ya isa.

Mai_Gyaran_Lantarki:
Ga abin da nake gani a teburin aikina. Yawancin na'urorin da ake kawo min gyara zafi ne ya kashe su. Mutum ya sauka ya kulle mota ya bar ta a jikin gilashi cikin rana, batirin ya kumbura har ya ɗaga fuskar. Batirin lithiyam ba ya shiri da zafi, na waya ne ko na GPS. Kuma kada ka sa rai da batirin nan, galibinsu abin da bai wuce awa ɗaya ba suke yi idan an zare su daga wuta. An yi su ne su zauna a jone da soket ɗin sigari na mota. Saboda haka ka lura da igiyar cajin da ta zo da ita, ka riƙe ta da kyau. Wasu samfuran idan ka jona su da kowace irin igiya sai su ɗauka kwamfuta ce, su tsaya a hoton haɗi su ƙi nuna hanya. Da yara biyar na san soket ɗin nan zai yi farin jini, sai ka nemi abin raba wuta mai baki biyu ko uku, na'urar ta samu nata ita kaɗai.

Robar da ke manne ta da gilashi ma tana saki idan zafi ya yi yawa. Ka goge gilashin da robar kafin ka manna. Idan ka cire, ka share zagayen da ta bari, don ɓarawo da ya ga wannan da'irar ya san akwai na'ura a cikin motar.

Hajiya_Mai_Hattara:
Ni tsorona daban ne. An ce duk wanda ya sa wannan abu a motarsa, Amurka tana ganin duk inda ya shiga. Ta yaya mutum zai ɗauki iyalinsa kacokan ya sa a idon wasu?

Injiniya_AB:
Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Kamar rediyo take, gidan rediyo bai san wa ya kunna ba. Na'urar karɓa take yi, ba ta aika komai zuwa sama. Abin da ake sa wa mota don a bi sawunta idan an sace wani abu ne daban, shi yana da layin waya a ciki da yake aika wurin da yake. Idan ma maganar sirri ce, wayar da ke jakarki ta fi na'urar mota ba da labarinki nesa ba kusa ba. Abu ɗaya dai, na'urar tana ajiye tarihin wuraren da aka je a cikinta. Shi ya sa nake hana mutane sa ainihin ƙofar gidansu a matsayin adireshin gida a cikin na'urar. Ki sa wata mararraba da ke kusa, don idan aka sace motar da makullan gida a ciki kada na'urar ta raka ɓarawo har ƙofa.

Malam_Tarihi:
Tunda an taɓo Amurka, asalin abin na soja ne. An harba tauraro na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. A 1983 ne Tarayyar Sobiyet ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya ya shiga sararin samaniyarta, mutum 269 suka mutu, sai Shugaba Ronald Reagan ya sanar cewa za a bar farar hula su yi amfani da GPS. Duk da haka an ci gaba da gurɓata saƙon da gangan, kuskurensa yana kaiwa mita 100, har zuwa watan Mayu na 2000 da Bill Clinton ya sa aka daina. Daga nan ne na'urorin mota suka samu kasuwa, don kafin lokacin ba za su iya bambance titin da kake kai da na kusa da shi ba. Yanzu kuma ba Amurka kaɗai ba ce, Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou.

Tsohon_Direba:
Malam mun gode da karatu, amma bawan Allah nan tafiya ce a gabansa. Mu koma kan abin da zai saya.

Daliba_Taswira:
Baba Tsohon Direba ya riga ya faɗi gishirin maganar, ni ƙari zan yi. Garmin kamfani ne da aka kafa a Amurka a 1989, sunan ma daga sunayen waɗanda suka kafa shi ne, Gary Burrell da Min Kao. TomTom kuma na Holan ne, hedikwatarsa a Amsterdam. Duka biyun sun daɗe a harkar. Garmin yana da jerin Drive da DriveSmart, misali DriveSmart 66 da 76 da 86, wato inci 6 da 7 da 8. TomTom yana da jerin GO. Amma yawanci ana sayar da na'urar ne da taswirar yankin da aka yi ta dominsa. Wadda aka saya a Amurka taswirar Arewacin Amurka ce a ciki, ta Turai kuma ta Turai. Don haka ka karanta jikin kwalin ka ga sunayen ƙasashen da ta ƙunsa.

Kuma sunan ƙasa a kwali bai isa ba. Akwai inda taswirar ta san kowane lungu, akwai inda manyan tituna kawai ta sani. Gwajin da nake ba kowa shi ne, kafin ka biya, ka rubuta sunayen wurare uku da ka san za ka bi, har da ƙaramin gari guda, ka sa a nemo maka su a cikin na'urar. Idan ta kasa samo ƙaramin garin, ka san abin da za ka tarar a hanya. Ka tabbatar kuma tana da ramin katin memori. Na'urorin Garmin da yawa suna karɓar taswirar OpenStreetMap, wadda 'yan sa-kai suke zanawa tun 2004, kuma a wasu yankunan ta fi ta kamfani cika.

Abu_Sumayya:
Tawa an rubuta taswira kyauta har abada a kwalinta, don haka ni na gama da wannan matsalar har ƙarshen rayuwata insha Allah.

Daliba_Taswira:
Kawu, Allah ya ja kwana, amma rayuwar na'urar suke nufi, ba taka ba. Wato muddin kamfanin yana ɗaukar samfurin a matsayin mai aiki. Idan ta tsufa har sabuwar taswira ta fi ƙarfin cikinta, ko suka daina kula da samfurin, sabuntawar ta tsaya. Shi ya sa sayen tsohuwa ta hannu yake buƙatar lura. Kuma ba da kanta take sabuntuwa ba. Tsofaffin sai an jona su da kwamfuta, na Garmin ta manhajar Garmin Express. Sababbin suna da Wi-Fi, a gida za ka yi ba tare da kwamfuta ba. Yaushe rabonka da sabunta taka?

Abu_Sumayya:
Wallahi tun da na saya ban taɓa ba, shekara huɗu ke nan. Shi ya sa kenan take nuna ina tafiya a cikin daji duk lokacin da na hau sabon titin da aka yi. Yau zan zauna a kanta.

Dan_Zamani99:
To kun gani. Wannan ita ce hujjata tun farko. Taswirar waya kullum sabuwa ce, kuma tana gaya maka inda cunkoso yake a daidai lokacin. A manhajar Waze ma direbobi ne suke sanar da juna hatsari ko rufe hanya.

Injiniya_AB:
A cikin gari ka fi mu gaskiya, ban musa ba. Amma ka faɗa wa Baba sauran. Taswirar da aka sauke a Google Maps ba ta nuna cunkoso idan babu intanet, kuma yanki-yanki ake saukewa, tafiyar kwana biyu sai ka haɗa guntaye da yawa, ka manta ɗaya ka shiga rami. Waze kuwa intanet yake so. Sannan na'urorin yanzu ma suna samun labarin cunkoso idan ka haɗa su da wayarka ta Bluetooth, a wuraren da ake ba da wannan hidimar. Ga wanda ya nace sai waya, gara ya ware tsohuwar waya guda ba layi, ya sa mata manhajar taswira irin OsmAnd ko Organic Maps, ya sauke ƙasar gaba ɗaya. Kira ba zai shigo ba balle ya katse shi.

Gwaggon_Yara:
Ku bar ni in faɗi abin da ya same mu, don ba na so ya sami wani. Muna dawowa daga tafiya da yamma, ni da ƙanena da 'ya'yansa uku. Na'urar ta ce mu sauka daga kwalta mu bi wata hanya. Muka bi. Da farko burji ce mai kyau, can sai ta tsuke, ciyawa tana gogar ƙofofi, rana tana faɗuwa. Muka iso wani rafi, na'urar tana cewa mu miƙe, alhali babu gada, sai sawun shanu da ya gangara cikin ruwa. Yaran suka yi tsit. Da baya da baya muka fita, ni ina tafe a ƙasa da fitilar waya ina nuna masa gefen hanya. Daga baya muka gano an saita ta a kan hanya mafi gajarta maimakon mafi sauri, kuma ba a kunna umarnin kauce wa hanyar da ba kwalta ba. Baban Yara, duk wadda ka saya, ka shiga saitinta ka gyara waɗannan biyun kafin ka ɗauki yaro ko ɗaya. Har yau idan na tuna rafin nan gabana faɗuwa yake.

Tsohon_Direba:
Sannu Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Shi ya sa har gobe akwai taswirar takarda a aljihun ƙofata. Kuma daren tafiya nakan zauna in bi hanyar a na'urar daga farko har ƙarshe, in rubuta sunayen manyan garuruwa a jere a takarda in ba na gefena. Idan na'ura ta ce in bar kwalta alhali garin da ke gaba a takardata bai zo ba, tsayawa nake in tambayi mutanen wurin.

Matafiyi_Kullum:
Ƙarin bayani ga wanda tafiyarsa za ta tsallaka iyaka. Dokoki sun bambanta. A Jamus da Suwizalan an hana direba amfani da gargaɗin kyamarar kama masu gudu, a Faransa kuma yankin haɗari kawai na'urorin suke nunawa maimakon ainihin wurin kyamarar. Wasu jihohin Amurka sun taƙaita inda za a manna abu a gilashin gaba. Sannan idan na'urar ta daɗe a kashe ko an kai ta wuri mai nisa, takan ɗauki 'yan mintuna kafin ta kama taurari. Ka kunna ta a fili, ba a cikin gareji ba, tun ana loda kaya.

Baban_Yara5:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta abin da zan duba: taswirar inda za mu, ramin memori, Wi-Fi, murya mai ƙarfi, da nuna layi a mararraba. Zan yi gwajin garuruwa ukun da ɗiyata Daliba ta faɗa. Hajiya Gwaggon Yara, labarinki ya shige ni, saitin nan shi zan fara taɓawa. Inda na tsaya yanzu shi ne tsakanin inci 6 da 7, kuma maganar Injiniya ta tsohuwar waya ba layi ta sa ni tunani, don akwai guda a durowa.

Dan_Zamani99:
Baba ka fara gwada ta durowar a ƙaramar tafiya ta awa biyu. Idan ta ishe ka, shi ke nan.

Mai_Gyaran_Lantarki:
Idan za ka gwada, ka fara duba bayanta. Wayar da ta daɗe a ajiye batirinta yakan kumbura, kuma irin wannan ba a kai ta kusa da gilashi cikin rana. Ɗora ta a kan tebur, idan tana lilo ba ta kwanta daidai ba, a canza batirin tukuna.

Ummu_Hanan:
Ni dai har yanzu ina kan na'ura. Duk wayar da yara suka san akwai ta a mota, sai sun nemi a ba su ita kafin a yi awa ɗaya. Game da girman kuwa, ka yanki kwali daidai inci 6 da wani daidai inci 7, ka zauna a kujerarka ka sa maiɗakinka ta riƙe maka kowanne a inda za ka manna, ka ga wanne ne ba ya tare maka gefen titi.